Kamun Yatsu Uku

Ranar Laraba da hantsi Sagir ya sauka daga adaidaita sahu a Bompai, hannunsa na dama cikin aljihun riga. Wata huɗu ke nan hannun yana zaune a aljihun nan, tun ranar da injin buga bokiti na wani kamfanin roba a Sharada ya datse shi, ya tafi da manuniya da yatsan tsakiya. Kamfanin ya yi masa sannu, ya sa wani a kan injin kafin la'asar.

Kada ku ɗauka aikin ne ke cin ransa. A'a, gem ne. Kafin hatsarin, duk Panshekara ba a samun mai saitin Sagir a wasan harbi na kwamfuta. Su huɗu ne a ƙungiyarsu, Baffa ne shugaba, kuma Baffa ba ya rufa-rufa. Ya faɗa masa a gaban kowa: "Ka zo ranar Asabar mu gwada ka. In hannunka ya iya, kujerarka tana nan. In bai iya ba, Bashir da ke jiran gurbi zai hau, kada ka ga laifina." Maganar ta yi wa Sagir ciwo ƙwarai, don kujerar nan kaɗai ta rage masa inda ake kiran sunansa da girma. Tsohon mawus ɗinsa, abin da 'yan rediyo ke ce wa linzamin kwamfuta, ƙato ne mai nauyi, yatsu uku ba sa iya ɗaga shi. Shi ya sa ya zo neman wani.

Shagon yana cikin wani tsohon sito, mai shi kuma Malam Isyaku ne, dattijon da ya shekara ashirin yana ɗinki kafin ya koma sayar da kayan kwamfuta. Har yau tef ɗin awo na rataye a wuyansa, kuma ba ya sayar wa kowa mawus sai ya auna hannunsa kamar zai ɗinka masa safa.

"Masu kamun mawus iri uku ne, samari," in ji Malam Isyaku, tun kafin Sagir ya gama gaisuwa. "Akwai mai kwantar da tafinsa gaba ɗaya, shi sai mai tudun baya. Akwai mai lanƙwasa yatsu kamar ƙaguwa. Akwai mai riƙewa da kan yatsu kawai, shi ƙarami marar nauyi ya dace da shi. Kai wanne ne? Miƙo hannu in gani."

Sagir ya miƙa na hagu.

Kai! Nan take fuskar dattijon ta canza. "Hagu za ka miƙo mini? Ni sa'anka ne? Yaran yanzu dai, kun iya harbi a kwamfuta amma ba ku san da wane hannu ake gaida manya ba."

Akwai mutum biyu a shagon, duk suka juyo. Sagir ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya zaro hannun dama daga aljihu ya ɗora a kan kanta. Ga babban yatsa, ga gurbi mai sheƙi inda aka ɗinke fata, ga yatsu biyu na ƙarshe a rakuɓe.

"Innalillahi," in ji Malam Isyaku a hankali. "Ka yafe ni, ɗana. Bakina ya riga idona."

"Ba komai, Malam. Ku auna kawai."

Dattijon ya ɗora bakin tef a wuyan hannun, ya ja shi sama yadda ya saba, zuwa ƙarshen yatsan tsakiya. Tef ɗin ya wuce gurbin ya lanƙwashe a iska. Ya yi gyaran murya, ya auna faɗin tafin kawai, ya shige ciki.

Ya dawo da guda huɗu. Na farko mai tudun baya ne, tafin Sagir ya zauna a kai daram, amma ba yatsan da ya kai madanni. Na biyu ya yi faɗi, ɗan ƙaramin yatsa ya kasa tallafe shi. Suka gwada hagu da wani mai gefe iri ɗaya, kibiyar ta riƙa yawo a allon kwamfuta kamar ta sha ta bugu. Hannun da bai taɓa koyo ba, ba zai koya a kwana uku ba, kowa a wurin ya san haka.

Na huɗun ɗan mitsitsi ne, bayansa duk huji-huji don rage nauyi, giram hamsin da ɗoriya. Babban yatsa ya kama gefe ɗaya, ƙaramin ya kama ɗayan, yatsan zobe ya karkato ya kwanta a kan madannin hagu. Sagir ya ɗaga shi, ya ɗagu! Ya ajiye, ya sake ɗagawa. Rabon da ya yi murmushi irin wannan tun kafin asibiti.

Malam Isyaku ya buɗe wasan gwaji a kwamfutar, wanda jan ɗigo ke fitowa a allo, ka kai kibiya kansa ka danna kafin ya ɓace. Ɗigon farko ya fito a kusurwar sama. Wallahi kafin ƙiftawar ido kibiyar tana tsakiyarsa, don wuyan hannun Sagir bai manta komai ba. Ɗigon ya ɗan tsaya, ya ɓace ba a harbe shi ba. Na biyu ya fito, kibiya ta dira a kansa, shi ma ya ɓace. Na uku haka. Yatsan zobe yana kwance a kan madannin, ko motsi bai yi ba, sai fatar gurbin manuniya ce ke ta harbawa.

"Madalla da saiti!" in ji Malam Isyaku, ya matso har yana dafa kafaɗarsa. "To danna mana, ɗana. Danna!"

Sagir bai ɗauke ido daga allon ba. Hawaye ya gangaro masa, bai share ba.

"Ina dannawa, Malam," ya ce. "Tun ɗazu nake dannawa."