Cigiyar Jar Saniya

Saniyar ta daɗe da mutuwa, kowa a rugarsu ya sani. Amma duk ranar kasuwar Maijirgi sai Halimatu ta zo gidan rediyon karkara, ta zauna a bakin ƙofa, ta ce wa Zara'u mai gabatar da shirye-shirye, "'Yar nan, a sa mini cigiyar nan ta jar saniya."

Zara'u ta lalubo ta a kwamfuta, ta kunna mata a cikin ɗaki. Muryar namiji ce mai kauri, yana sallama ga jama'a, yana cigiyar jar saniya mai tsagaggen kunne, ya yi tari a tsakiya, ya nemi gafara ya ci gaba. Halimatu ta saurara kanta a sunkuye, ta yi godiya ta tafi. Zara'u tausayinta take ji, a zatonta farin bana ne ya taɓa wa matar hankali.

Hankalinta ƙalau yake. Muryar ta mijinta ce, Hammadu. Shi ya zo da kansa bara aka ɗauki maganarsa, tun kafin Zara'u ta fara aiki a nan. Bayan haka rijiya ta rufta da shi yana yashe ta don abin da ya rage na garken. Bai bar hoto ba, muryar nan kaɗai ta rage. Ita kuwa Halimatu, yadda aka tarbiyyantar da ita, tunda aka kai ta ɗakinsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta tsaya gaban mutane ta ce kewarsa take yi.

Kwamfutar kuwa ta tsufa, ƙwayoyin cuta sun cinye ta. A kunna ta da hantsi, sai ta ga dama ta farka. Ga shi kantoman da sojoji suka naɗa ya aiko a sanar da ƙauyuka ranar da za a sayar da hatsi da rangwame, a yi ta maimaitawa da Hausa da Fulatanci. Ba a ce wa mutumin soja na'ura ta ƙi. Don haka Malam Mamudu, shugaban gidan, ya kirawo Mutari mai gyara daga Tasawa, aka yi dace ya iso ranar kasuwa, Halimatu na zaune a bakin ƙofa tana jira.

Mutari ya aje faifai biyu na sabon tsarin da zai sa wa kwamfutar a kan tebur.

"Duka biyun Linux ne, Direkta. Kyauta ake ba da su, ba wanda zai zo ya ce kun sata, kuma cutar nan ba ta cika kama su ba. Sai ka zaɓa."

Malam Mamudu ya nuna mai kyan bango. "Wannan ya fi kama da na manyan ofisoshi."

"Yana da kyau, amma nauyi gare shi. Kamar ka aza wa jakin bana buhu biyu ne. Wannan ɗayan ba shi da ado, sai dai zai yi muku rubutu, ya ɗauki murya, ya sa kiɗa."

"To ai shi ke nan aikinmu. Sa shi."

"Saura magana ɗaya. Cikin kwamfutar nan ƙarami ne, kuma ya cika. In na bar tsohon tsari a gefe, ba ku da wurin ɗaukar sabon shiri. Sai an goge komai." Ya fito da ɗan abin ajiya mai tsawon yatsa. "Abin da ya shiga kilen nan shi zai tsira."

Suka shiga tsinta. Wa'azi ya shiga, kiɗan buɗe tasha ya shiga, shirin lafiyar mata ya shiga. Da aka zo kan cigiya sai Mutari ya girgiza kai. Ta shekaru ce jibge: raƙuma, awaki, jakuna, rabinsu yanzu ƙasusuwa ne a bakin hanya.

"Duka ba za su shiga ba. In akwai ɗaya ko biyu da ake so, a faɗa."

Zara'u ta tuna. Wallahi da ta ja matar gefe, da maganar ta ƙare lafiya. Amma yarinya ce 'yar gari, sai ta ɗaga murya daga inda take. "Direkta, akwai ta Innar nan."

Mazan biyu suka juyo suka zuba wa Halimatu ido.

"Baiwar Allah, an ga saniyar?" in ji Malam Mamudu.

"Ta mutu."

"Allah ya mayar da alheri. To akwai abin da za ki yi da cigiyar?"

Kunya ta rufe ta har wuya. Maza biyu baƙi, ɗaya ma sa'an ƙanenta, suna jira ta faɗi abin da ko uwarta ba ta faɗa wa ba. Ta ja mayafi ta dubi ƙasa.

"Babu."

Mutari ya danna wurin gogewa. Na'urar ta sake tambaya ko an tabbata, ya sake dannawa.

Kafin la'asar aiki ya kammala. Kwamfutar ta tashi garau kamar ba ita ba, Zara'u ta ɗauki sanarwar hatsi ba ko tsaiko, Malam Mamudu yana ta sa wa Mutari albarka. Mazan suka fita masallaci suna raha.

Sai a lokacin Halimatu ta matso. Ita a saninta, abin da ya shiga cikin ƙarfe ya shiga ke nan.

"'Yar nan, yanzu da ba kowa, sa mini sau ɗaya in tafi."

"Inna, ai an goge. Ba ke kika ce babu ba?"

"A duba dai."

Zara'u ta juyo mata da fuskar kwamfutar, ta buɗe nan ta buɗe can, ko'ina wayam. Ta dubi fuskar matar, sai ta tsargu.

"Inna, wai wane ne mai maganar?"

Halimatu ta daɗe tana kallon gilashin.

"Wani mutum ne na wajenmu," ta ce.