Koyon Faɗuwa a Tiga

Shekara goma sha ɗaya ina kokawa, daga Yako har Doguwa, bayana bai taɓa shan ƙasa ba. Sai ga ni da gemuna ina hawa babur zuwa Tiga kullum da la'asar, wai a koya mini faɗuwa.

Malam Badamasi ne mai koyarwar. Tsohon ma'aikacin ruwa ne, ya koyi judo a Kaduna tun yana saurayi. Da ya yi ritaya sai ya share wani tsohon sito, ya cika buhuna da buntun shinkafa, ya lulluɓe su da tamfol. Shi ya tako har gidanmu ya ce mini masu zaɓen 'yan wasan judo na jiha za su zo daga Kano, mutum ɗaya za su ɗauka, da albashi duk wata. Ni kuwa da aka raba gonar mahaifinmu mu tara, abin da ya zo hannuna ko akuya ba zai ƙosar ba. Shekarata ashirin da takwas, kuma Malam ya ce baɗi na wuce shekarun ɗauka. In wannan dama ta kuɓuce, ban san inda zan dosa da matata Kaltume da 'ya'yanmu biyu ba.

Kayarwa ba ta ba ni wahala ba, sana'ata ce. Amma a wurinmu 'yan kokawa, ko yatsanka ya taɓa ƙasa an ka da kai. A judo kuwa sai ka faɗi da baya, haɓa a ƙirji, ka bugi tamfol da hannu don ƙarfin faɗuwar ya watse. In an murɗe maka hannu ka ji zafi, ka bubbuga ƙasa sau biyu, a sake ka.

Jikina ya ƙi. Ukasha, wani siririn masunci da aka haɗa mu gwaji, zai ɗauke ni a kafaɗa, sai in juya a sama in dira da ƙafa, ko in cakumi rigarsa mu zube tare.

"Mujitaba, ka faɗi mana!" in ji Malam. "Mutanen nan faɗuwa suke fara dubawa. Wanda bai iya ta ba, ba sa ɗauka, wuyansa zai karya musu."

"Wallahi ina so, Malam. Ƙafafun ne ba sa jin magana."

Tsoro ya kama ni sosai. Na tara ƙaiƙayin dawa a bayan gida, kullum bayan sallar asuba in rufe ido Kaltume ta hankaɗa ni. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan danga, ta je ta baza wai farfaɗiya ta kama ni. Mako uku muna haka kafin bayana ya yarda.

Ranar Asabar mutum biyu suka zo daga Kano da takardunsu. Abin da ban sani ba, mutanen Yako sun cika bas sun biyo ni, har da Baba Balarabe mai kalangu, wanda yake mini kiɗa tun kokawata ta farko. Suka cika tagogin siton.

Ukasha ya ɗaga ni, na faɗi, na bugi tamfol. Sau goma. Na ji wani dattijo a taga yana cewa, "Innalillahi, yau Mujitaba ne a ƙasa?" Kunya ta kusa kashe ni, amma na haɗiye, don na ga babban cikin baƙin ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu.

Saura murɗe hannu. Na kwanta, Ukasha ya sa hannuna na dama tsakanin cinyoyinsa ya fara lanƙwasa gwiwar hannun a hankali. Bugu biyu kawai ake nema daga gare ni. Na ɗaga hagu.

Sai Baba Balarabe, da ya gaji da ganin abin da yake gani, ya saki kalangu. Takena ya kaɗa, wanda nake shiga fili da shi. Hannun nan ya tsaya a sama ya ƙi sauka.

"Buga, Yaya, don Allah buga!" Ukasha yana raɗa mini. Shi ma ana duba shi, ba zai saki ba sai na buga.

"Mujitaba, buga!" Malam ya daka tsawa.

Wallahi na so in buga. Ina tuna Kaltume, ina ce wa hannun ya sauka. Sai na ji ƙas a gwiwar hannuna, zafin ya hau mini har ƙeya.

Ukasha ya saki yana salati. Malam ya durƙusa yana ɗaure mini hannu da ɗamararsa. Babban baƙon ya ja layi a kan abin da ya rubuta, ya tambayi Ukasha cikakken sunansa.

Waje kuwa ya kaure da sowa. "Bai buga ba! Namu bai sallama ba!" Suka shigo suka ɗauke ni a kafaɗa, hannuna yana reto, Baba Balarabe yana gaba da kalangu. Hawaye suna zubo mini, wani yana ce wa na kusa da shi na murna ne.