Awon Jerry

Ya'u yana durƙushe yana ɗaura wa keken ɗinkin sabon bel sa'ad da inuwar mutum ta tare masa hasken ƙofa. Bai ɗago ba. A wannan layi na bayan kasuwar Jimeta, mai tare masa ƙofa ko dai ɗan gwangwan ne ya kawo ƙarfe, ko kuwa mace ce ta zo jin ko layi ya zo kanta.

Shekara goma ke nan tun da mutanen Madagali da Michika da Mubi suka kwararo Yola da ƙafa, shi kuma ya ɗora wa kansa wani aiki da ba wanda ya sa shi. Yakan bi gidajen da aka jingine tsofaffin kekunan ɗinki na ƙafa, ya bi 'yan gwangwan, ya samo kai a nan, tebur a can, ya haɗa, ya ba matan da suka gudo. Kuma ba ya fitar da keke da dauɗa. Yakan ce wadda ta rasa komai ba a miƙa mata abin da ya yi kama da na bola. Saboda haka kowane tebur sai ya ci sanfefa ciki da waje, ya sha banish har ya yi sheƙi.

"Bappa, in ka ƙara goge shi ƙuda ma sai ya zame ya karye," in ji Huseina daga kan benci. 'Yar Gulak ce, mijinta ya rasu a gudun, tana haya a Rumde da 'ya'ya huɗu. Wata bakwai tana jira, yau ne ranarta.

Mai tare ƙofar ya yi sallama. Dattijo ne siriri, da tsohuwar kwat duk da zafin nan.

"Sunana Ishmael, daga Michika. Jalo mai gwangwan ne ya turo ni. Ya ce wancan watan ya sayar maka da wani keke da aka kwaso daga wajenmu."

"Kekuna da yawa ake kawo mini, Baba. Zauna ka sha ruwa."

Ya zauna a bakin benci, ya sha rabin kofi, ya riƙe sauran a hannu.

"Na matana ne, Kwanye. Shi ne tela na unguwa gaba ɗaya. Ƙafan hagu na keken ya taɓa karye, aka yi masa walda. Durowa na sama kuma ba hannu, ƙusa ne muka lanƙwasa."

Ya'u ya ci gaba da jan bel ɗin. Waldar tana nan daidai gwiwarsa, ƙarƙashin baƙin fentin da ya shafa shekaranjiya. Ƙusar kuwa shi da kansa ya zare ta ya sa hannun tagulla.

Huseina ta gyara zama, ta dubi keken, ta dubi baƙon.

"Ki kwantar da hankali, 'yata," in ji Ishmael. "Ni ban iya ɗinki sosai ba, ba keken nake so ba. Murfin kawai, wannan katakon da ake buɗewa gefe. Kwanye ba ya ajiye littafi. Duk wanda ya auna, a ƙasan murfin yake rubutawa da biro. Akwai awon yaronmu, Jerry, a kusurwa. Kowace Kirsimeti sai ya auna shi ya rubuta a ƙarƙashin na bara, tun yana shekara uku." Ya juya kofin a hannunsa. "Ranan da 'yan bindiga suka shigo, Kwanye ya mutu a ƙofan gida. Jerry suka tafi da shi, yana sha huɗu. Gidan ya ƙone. Ba hoto, ba kabari. Wuri tara na je, duk inda aka ce ana tara tsofaffin kekuna."

Ya'u bai yi boko ba. Lambobi ya sani, saboda allura da inci. Da ya kifa murfin nan ranar Litinin, abin da ya gani zane-zane ne na shuɗi da baƙi, wani a kan wani, ya ɗauka ɓarnar yara ce. Har tsaki ya yi. Biron ya shiga katako sosai, ya ci masa sanfefa uku da hantsi guda. Ya tuna kusurwar ma, don ita ta fi ba shi wuya: kalma ɗaya a sama, lambobi a jere ƙarƙashinta kamar matakan tsani. Da ya gama ya busa garin katakon, ya shafa tafinsa, ya ji daɗin aikinsa.

"Wannan daga Mubi aka kawo shi," ya ji bakinsa ya faɗa.

"To," in ji Ishmael.

Ƙarar injin markaɗe tana tasowa daga can cikin kasuwa. Huseina ta ce, "Bappa, a gwada mana shi mana, kada in kai gida ya ƙi ni."

Ya'u ya zura zare, ya sa ƙyalle, ya taka. Keken ya ɗauka sumul, sai dai a kowane zagaye yana ɗan yin wani ƙas, kamar mai taɓa haƙori da harshe. Kwana biyu ya yi yana neman inda ƙarar take fitowa bai samu ba.

Ishmael ya ajiye kofin a ƙasa. Ya miƙe ya matso.

"Ba ni in taka kaɗan."

Ya zauna a kujerar, ya tuɓe takalmi, ya ɗora ƙafa. Bai taɓa ƙyallen ba, takawa kawai yake yi a hankali, kansa a karkace, idonsa a rufe. Ƙas. Ƙas. Ya daɗe a haka, har Huseina ta sunkuyar da kai ta shiga wasa da bakin mayafinta. Sannan ya tsaya. Bai kifa murfin ya duba ba. Hannun hagu ya zura ƙarƙashinsa, ya bi da yatsu daga wannan gefe zuwa wancan, ya je kusurwa, ya tsaya a can. Santsi ne kawai, kamar bayan faranti.

Ya'u ya ga inda yatsun suka tsaya. Shekararsa sittin da biyu, bai saba ƙarya ba, wannan ɗin ma ta tsaya masa a ƙirji kamar ƙaya.

"Baba Ishmael," ya ce. "Tsakani da Allah, maganar da na faɗa maka ɗazu..."

"Ba shi ba ne."

"Ka bari in..."

"Malam, na ce ba shi ba ne." Muryarsa ba ta tashi ba, amma ya kafe Ya'u da ido har sai da ya rufe baki. "Namu da rubutu. Cike yake da rubutu, ko wurin sa yatsa babu. Wannan sabo ne fil. Aikinka ya yi kyau."

Ya zare hannunsa, ya goge shi a jikin kwat, ya sa takalmi. Ya juya wajen Huseina.

"Wannan ƙaran da yake yi, kada ki bari kowa ya ce zai gyara miki. Ba ya hana ɗinki."

"To, Baba. Na gode," ta ce, ba ta ɗago ba.

A bakin ƙofa ya tsaya yana gyara wuyan kwat ɗinsa, yana kallon napep suna wucewa.

"Ina kuma ake tara su, Malam? Ka san mutanen."

Ya'u ya san wani Nuruddeen a Girei, bayan tasha, mai kawunan keke biyar da suka yi tsatsa, ba shi da tebur ko ɗaya. Ya dubi bayan dattijon, kafaɗun nan da suka yi wa kwat ɗin kaɗan.

"Akwai wani a Girei," ya ce. "Nuruddeen, bayan tasha."

"Yana da su da yawa?"

"Ana kai masa."

"Madalla. In na haye gada yanzu zan same shi kafin ya rufe?"

"Za ka same shi."

Ishmael ya ɗaga hannu ya tsayar da napep.