Akushi Mai Ƙaho Biyu

Kuɗin da Alƙasim ya aiko wa ubansa daga Abijan na aure ne. Haka ya rubuta a bayan takardar manda, wadda ake karɓar kuɗin aike da ita, da manyan baƙaƙe, don kada ma'aikatan gidan waya na Madawa su sha wahalar karantawa: Baba, ka nemi mata. Halidu ya karɓi kuɗin, ya haɗa da murmushin mai miƙo kuɗin, ya tura kekensa ya nufi kantin Isiyaku mai sayar da rediyo da tele. A ransa ya ce ai yaron bai faɗi irin matar ba.

Shekara ashirin da shida Halidu ya yi yana aikin planto, yana kai takardu daga wannan biro, wato ofis, zuwa wancan. Ya san ƙofar kowane babba a garin, babu babban da ya san tasa. Ya aje aiki da kaka, matarsa Kaltuma ta rasu da bazara, kamar dai ta jira ya sami lokacin zama ne sannan ta bar masa gidan ya zauna.

Ba kallo ya kai shi kantin Isiyaku ba. Ciyayya ce. A unguwarsu magidanci ba ya cin tuwo a cikin gida. In an sallame magariba, kowa akushinsa ya biyo shi zuwa gindin bishiyar bedin da ke ƙofar gidan Tanko, a jera su kan tabarma, a buɗe ɗaya bayan ɗaya, a ci tare, a yi gardama kan farashin albasa da ruwan da bai zo ba. Su bakwai ne. Akushin Kaltuma ake bari na ƙarshe, saboda miyarta ta gabu, busasshen ganyen albasa, don bakin kowa ya tashi da daɗi.

Da aka yi sadakar arba'in, 'yarsu Sa'a ta koma ɗakinta a Ibohaman, sai akushin ya koma kan randa a kife. Sau uku Tanko yana zuwa har zaure.

"Ka hito hakanan, Planto. Hannu kaɗai za ka kawowa."

Sau uku Halidu yana cewa cikinsa ne ba daidai ba. Ran nan ya sayi tuwo wurin Hasana mai tuwon tasha, ya juye a akushin Kaltuma, ya ɗauko har ya kai kwanar lungu. Sai ya jiyo dariyar Mutari, ya tuna Mutari direban kamiyo ne, babbar motar kaya, shekara goma yana cin tuwon Hasana, ko daga bayan katanga zai gane miyarta. Ya juya. Daga ranar ya sake lungu, ya sake masallaci, ya koma sallah can wajen tasha inda kowa baƙo ne. Shekara biyu ke nan yana cin tuwon saye a tsaye, yana fuskantar bango, don in ya zauna sai ya ga tabarmar ta yi masa yawa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana shiga biron manya ba sallama, ga shi ya kasa wuce bedi guda.

To amma mai tele ba hannu rabbana ya zo ba. Wannan shi ne lissafin da ya yi, kuma ya daɗe bai yi lissafin da ya burge shi haka ba.

Isiyaku ya taso da fara'a irin ta wanda labarin manda ya riga mai manda isowa.

"Baba Halidu, sannu da zuwa. An ce amarya kake nema."

"Wadda ba ta da dangi nike so."

"To ga su nan, duk marayu na."

Uku ne a kan kanta. Babbar ta can ƙurya Halidu bai ko dube ta ba, don ya san matsayinsa; irin wannan sai alhazan albasa. Saura biyu. Ta tsakiya mai kala ce, jikinta kamar katako, da maɓallai a jere kamar na rigar soja. Ƙaramar kuwa baƙi da fari take nunawa, jikinta jan roba, da mariƙi a ka da ƙahoni biyu na ƙarfe da ake ja su miƙe. Kuɗin Alƙasim sun isa ƙaramar har da tsohon batirin mota da canji. Ta tsakiya kuwa sai in ya ɗora kekensa a kai.

La'asar ta yi sanyi, ba a fara shiri ba tukuna, amma gidan tele ya riga ya saki waɗannan sandunan da yake sawa kafin a buɗe. Isiyaku ya kunna su biyun a gefen juna, don ya san sana'arsa. A ƙaramar, sandunan toka ne, wani ya ɗara wani duhu. A ta tsakiya kuwa ga rawaya, ga tsanwa, ga ja, ga shuɗi, suna ƙyalli kamar an wanke su yanzu. Halidu ya tsaya kan tsanwan da rawayan. Kaltuma tana da zane haka, tsanwa mai furanni rawaya, wanda take ɗaurawa ranar Sallah ta kai wa matan maƙwabta tuwo. Sa'a ta kwashe sauran kayan, ta bar wannan a ƙasan akwati, ko mantuwa ko gangan. Bai taɓa tambayarta ba.

"Ka gani ko, Baba? Wagga in ka kalle ta sau guda, waccan sai ta zame maka kamar mafarkin mai zazzaɓi."

"Tana hita waje?"

"Wa?"

"Amaryar."

Isiyaku ya yi dariya. "Wagga matar kulle ta. Kuran take ci, wutar lantarki, ba ta san batir ba. Sai an kahwa mata dogon ƙarhe bisa soro, kuma ƙarti biyu ka ɗaukar ta. Inda anka aje ta, nan take. Mutane ka zuwa wurinta, ba ita ka zuwa wurinsu ba."

"Ƙaramar hwa?"

"Wagga ko gona ka tahi da ita. Amma Baba, mutum kamarka, ɗa a Abijan. Maƙwabcinka Mutari ma mai kala yaɗ ɗauka, wata biyar ke nan."

Maganar ta soke shi, don ba zai yi ƙarya ba, ya so a ce gidan Planto akwai abin da babu a gidan direba. Ya hango kansa zaune a ɗaki, kala tana wasa a bango, ya aika a gaya wa mutanen bedi su shigo. Sai kuma ya hango ba su shigo ba. Ya ga kansa da tsanwa da rawaya su kaɗai, ga shi ba keke. Shekara ashirin da shida sun koya masa abu guda: takarda kai ta ake yi, ba a zama jiran mai ita ya zo nema. Ta Mutari tana cikin gida, in ji zuciyarsa, tasa kuwa har tabarma za ta je, a jera ta da akussa.

"Ɗaure mini mai ƙahon."

"Baba, ka sake dubawa."

"Na duba. Ni ma baƙi da hwari na, ka ga gemuna."

Kwana biyu ya yi yana gwada ta a ɗaki, ya koyi wace waya ke zuwa kan wane haƙorin batir, ya koyi karkata ƙahonin har hoton ya bar rawa. Ya kuma tanadi maganar da zai faɗa in ya isa: ga akushina, sai dai ba a sa hannu. Ya maimaita ta sau da yawa, ya gwada ta da murmushi, ya gwada ta ba murmushi, ya ga ta fi kyau ba murmushi.

Rana ta uku ya yi magariba a gida. Ya sa rigar da yake karɓar albashi da ita, ya ɗaure batir a bayan keke, ya riƙe tele a hannun dama, ya tura keken da hagu. Ya bi lungun da ya bari shekara biyu. An yi sabon gini a wurin da akwai darni, wani kare da bai san shi ba ya bi shi da ido. Da ya kai kwanar da ya taɓa juyawa da tuwon Hasana, sai da ya tsaya ya gyara riƙo, ko da yake riƙon bai ɓaci ba.

Bedin yana nan. Tabarma ɗaya ce a ƙarƙashinsa, da akushi ɗaya, da Tanko. Daga cikin gidan Mutari, can gaba kaɗan, kiɗan buɗe shiri yana tashi da ƙarfi, da muryoyin mutane masu yawa.

Halidu ya yi sallama. Tanko ya amsa, ya ɗaga kai, amma ya dubi gefen kafaɗarsa. Idanunsa sun yi fari kamar an ɗiga nono a ruwa.

"Wa na na?"

"Ni na."

"Planto. Cikin ya lahwa?"

"Da sauƙi."

"Ya daɗe kuwa. Zamna."

Halidu ya jingine keke, ya aje tele a bakin tabarma. Maganar da ya tanada tana bakinsa, amma magana ce ta taro, ba ta da daɗin faɗa wa ɗaya. Ya haɗiye ta.

"Ina mutane?"

"Alhusaini dai ka san inda yat tahi, an ce an gan ka can baya wurin jana'iza. Sauran suna wurin Mutari. Can akussa ka zuwa yanzu. Ido bisa gilashi, hannu cikin miya, ba mai ce ma wani ci kanka."

"Kai hwa?"

"Na tahi sau biyu. In na ce mi anka yi, sai a ce in yi kurum, ana magana. Na biyun na kai hannu bisa akushin da ba a buɗe ba tukun, yara sunka yi dariya. Nac ce bedi bai taɓa ce mini in yi kurum ba."

"Tun yaushe idon?"

"Tun bara. Da ka biyo ta nan da ka gani, kai da ke da na gani."

Halidu ya sauko da batir, ya durƙusa yana haɗa wayoyi, ya daɗe a kan abin da ya riga ya iya. Tanko ya miƙa hannu ya lalubi robar, ya bi mariƙin, ya kai ga ƙahonin.

"Akuya ka kawo muna?"

"Akushi na."

"To buɗe shi mu ji."

Hoton ya yi rawa, ya tsaya. Wata mace ce zaune bayan tebur tana karanta sanarwa da Hausa. Muryarta tana fitowa nan kusa a hankali, tana kuma fitowa can gidan Mutari da ƙarfi, kamar mace ɗaya tana kishi da kanta. Tanko ya tura buta, Halidu ya wanke hannu. Tuwon dawa ne da miyar kuka, gishiri ya ɗan yi kaɗan. Ya ci loma ta farko a zaune, sai ya ga hannunsa bai manta da yadda ake barin gefen wani ba.

"Mai kala ta, irin ta Mutari?" in ji Tanko.

Halidu ya dubi matar. Fuskarta toka, kallabinta toka, bangon bayanta toka mai duhu.

"Tana taɓawa."

"To matar mi tas sa? Can ba mai gaya mini."

"Zane na da kallabi iri ɗaya," in ji Halidu. Ya tauna, ya haɗiye. "Tsanwa. Da huranni rawaya, manya, ga wasu ƙanana bakin zanen."

Tanko ya tsaya da loma a hannu, fuskarsa wajen muryar.

"Na san zanen ga," ya ce.

Halidu ya miƙa hannu ya karkata ƙaho ɗaya, ko da yake hoton lafiya lau yake. A gidan Mutari aka kwashe da dariya kan wani abin da su ba su ji ba. Matar ta juya takarda, ta ci gaba da sunayen garuruwan da za a yi wa dabbobi allura: Tabotaki, Dewule, da sauransu.

"Kwana nawa batirin ka yi?" in ji Tanko.

"Isiyaku ya ce ukku. In ya mutu sai a kai gareji a cika."

"To. Gobe ka taho da wuri. Ko ya mutu ka taho da ita hakanan, ni duk ɗaya na."

Ya laluba ya tura akushin wajen Halidu, don tuwon gefen Tanko ne ya fi yawa.