Ƙulli Goma Sha Ɗaya

Duk ranar Laraba da ƙarfe huɗu aiki yakan tsaya cak a shagon wankin Auta. Ba ita ta kafa dokar ba. Ita dai ta yi gangancin rataye talabijin a saman kantar shagon, shi ke nan mutanen layin suka mayar mata da shago gidan kallo. Baba Mai Guga yakan jingine dutsensa ya kashe soket. Direba ya faka bas a bakin titi ya shigo wai ya zo karɓar riga, rigar da ya karɓa tun jiya. Nas kuma ta biyo daga asibiti da fararen kayanta a leda, ta ja kujera ba tare da an ce mata bismillah ba.

Abin da ke tara su shirin nan ne na gidan 'ya'ya goma sha shida. Mace ɗaya ce ta haife su reras, kyamara kuma na bin su daga ɗakin girki har bakin ƙofa, ba ta barin ko cokali. An nuna yadda ake yanka burodi bakwai a karin safe ɗaya. An nuna layin takalma a baranda kamar na ƙofar makaranta. Mutanen shagon ba sa gajiya da riƙe baki.

"Wallahi matar nan ba mutum ba ce," in ji Direba. "Ni fasinja goma sha shida sai na yi rigima da huɗu kafin mu kai tasha. Ita kullum da su take kwana take tashi."

"Ku dubi yadda take juya kai," in ji Nas. "Tana soya ƙwai, amma ta san wanda ke taɓa firji a bayanta. A ba ni ita a ɗakin haihuwa wata ɗaya, a sallami rabinmu."

Baba Mai Guga ba ya cewa komai sai "Ikon Allah", kuma yakan faɗe ta kamar sau talatin kafin a gama. Nas ce mai karanto musu abin da masu kallo ke rubutawa a waya. Wani ya ce ƙarya ce, akwai masu aiki a ɓoye. Wata ta ce ita biyu gare ta, kuma jiya ta manta ɗaya a shagon aski. Wani kuma ya ce a yi wa matar gunki a tsakiyar gari.

Auta ba ta cika ɗaga kai ba. Tana ninke kaya tana taɓe baki, don ita ba a ba ta labarin gidan yawa. Ita ce ta goma sha ɗaya a ɗakinsu, kuma abin da ta tuna ba abin sha'awa ba ne. Ba ta taɓa sa sabuwar riga ba sai da ta fara aiki. Duk abin da ya iso jikinta ya riga ya zaga kafaɗu da yawa, ya koɗe, ga wuyansa cike da wasu ƙulle-ƙullen zare masu sosa ƙeya. In Mama za ta kira ta kuwa, sai ta bi ta kan sunaye biyar ko shida kafin ta dace da nata. Auta ta girma da yaƙinin cewa a gidan nan ita ragowa ce.

Yanzu Maman tana ɗakin bayan shago, a kujerar roba kusa da taga, shekara biyu ke nan. Mantuwa ta cinye ta. Ba ta san rana ba, ba ta san gari ba, Auta kuwa "baiwar Allah" take ce mata, cikin ladabi, kamar baƙuwar da ta taimaka mata da ruwan sha a hanya. Abu ɗaya ne bai bar hannunta ba, allura da zare. Ko an ɓoye sai ta nemo. Da Auta ta juya baya sai ta jawo rigar mutane daga kwando ta ɗinka mata ƙulle-ƙulle a cikin wuya da jan zare. Har kayan Auta na sawa ba ta bari ba. Kowace yamma sai Auta ta zauna da reza tana farke su ɗaya bayan ɗaya, tana tsaki, tana tsoron ranar da za ta yanka rigar wani.

A cikin aljihun tebur, ƙarƙashin rasitai, akwai takardar gidan kula da tsofaffi. 'Yan'uwanta goma sun sa hannu, saura ita, don a wurinta Mama take. Ranar Asabar mota za ta zo. Auta ta riga ta gaya wa Yaya, babbarsu, a waya: "Tunda ba ta san ni ba, ko'ina aka kai ta ɗaya ne." Ta faɗa da ƙarfi, amma kwana biyar ke nan biro ya ƙi hawa takardar.

Larabar nan sai shirin ya shiga ɗakin wanki. Nan fa Baba Mai Guga ya gyara zama, an zo fagensa. Injin wanki uku a jere, kwanduna har rufi. Mai tambaya ta ce wa matar, yaya take gane kayan kowa, yara goma sha shida, wasu kansu ɗaya?

Matar ta yi dariya, ta ɗauko wata 'yar riga ta juya wuyanta ga kyamara. Ɗige-ɗige ne na baƙin alƙalami a jere. Ta ce ɗan fari ɗigo ɗaya, na biyu ɗigo biyu, haka har ƙasa. In riga ta yi wa mai ita kaɗan, ba a goge komai, ƙara ɗigo ake yi har ya kai lambar wanda zai gada. Ta ce ko a gigice take, ko yaro ya juya mata baya, wuyan rigarsa kawai za ta duba.



"Kai!" in ji Direba, ya dafe hula. "Ba gogewa, sai ƙari! Wannan ai lissafin injiniyoyi ne."

"Shekara arba'in ina wanki," in ji Baba Mai Guga a hankali, "ina manna takarda tana faɗuwa a ruwa. Ikon Allah. Ikon Allah."

Nas tana ta jan waya da yatsa. "Ku ji, ku ji. Wata ta ce ta fashe da kuka. Wani malamin lissafi ya ce gobe da wannan zai buɗe aji. Wannan kuma ya ce matar ta fi shugaban ma'aikatarsu tsari." Ta ɗago tana dariya, sai ta ga fuskar Auta. "Ƙawata, lafiya?"

Auta na tsaye da zanen gado a hannu, rabi a ninke. Hannunta ɗaya ya tafi ƙeyarta da kansa, daidai inda abin nan yake sosa ta tana yarinya. Ta ajiye zanen, ta ɗauki waya ta fita bakin titi, inda hayaniyar motoci za ta rufe mata murya.

"Yaya, tambaya zan yi miki. Ƙullin nan da Mama ke yi mana a wuyan riga, guda nawa ne a taki?"

"Ɗaya mana," in ji Yaya. "Ni ce ta fari. Me ya kawo wannan kuma?"

"Na Dogo fa?" in ji Auta, tana nufin ɗaya daga cikin yayyenta.

"Huɗu. Ke wai ba ki sani ba? Au, ina za ki sani, ke a kanki aka gama ƙari. Ai ke ba wanda ya gaje ki." Yaya ta yi 'yar dariya. "Mama ba ta iya karatu ba, Auta, da me kike so ta rubuta sunanmu? Da asuba take shirya mu makaranta, ko fuska ba ta gani sosai. Sai ta sa yatsa a ƙeyar mutum ta shafa, ta ce wane ne, wuce. Ba ta taɓa kuskure ba. Baki ne ke ruɗe mata da sunaye, hannun nan bai taɓa ruɗewa ba."

Auta ta koma ciki ba ta ko yi sallama da Yaya ba. Ta wuce masu kallo, ta shiga bayan kantar shagon inda kwandon kayan da Mama ta taɓa yau yake, waɗanda ke jiran reza. Ta ɗauko babbar rigar wani mai ƙiba ta juya wuyan: ƙulli ɗaya. Rigar makarantar wata budurwa: shida. Wandon wani ɗan yaro, a bakin ƙugu: tara. Ta zube kwandon a ƙasa tana dubawa. Ba hauka ba ne. Mama rabon kaya take yi, tana auna kowace riga da ido tana ba wanda za ta yi wa daidai cikin 'ya'yanta, manya na manya, ƙanana na ƙanana. Akwai biyu, akwai bakwai, akwai goma. Babu goma sha ɗaya ko guda.

Sai ta tuna da shuɗiyar rigarta da ta wanke shekaranjiya, tana rataye a bayan ƙofa, ba ta kai ga farke ta ba. Ta sauko da ita daga hanga. Auta mace ce mai jiki, rigarta za ta shiga Yaya har da saura, in da girman riga ake bi, ƙulli ɗaya ko biyu ya kamata a gani. Ta juya wuyan ta ƙirga da ido, ta sake ƙirgawa da yatsa. Goma sha ɗaya ne, a jere, ƙanana, daidai wa daida kamar an auna da ma'auni.

Tsoro ya kama ta, irin wanda ke kama mutum in ya tsaya a gaban abin da ya fi shi. Can a talabijin duniya na tafa wa mace mai inji uku da alƙalami. Nan a ɗakin baya ga wata da ta ƙirƙiro abin ita kaɗai, ba boko, ba kyamara, ba wanda ya taɓa ce mata sannu. Kuma shekara biyu ke nan tana rubuta wa 'yarta suna a wuya kowace rana, 'yar tana bi da reza tana gogewa.

Ta cire rigar jikinta ta sa shuɗiyar. Ƙullin ya sosa mata ƙeya, daidai wurin da.

Mama na kujerarta, hasken taga a kan cinyarta, tana neman ramin allura. Ta ɗago ta yi murmushin baƙunta.

"Sannu, baiwar Allah. Ko za ki zura min zaren nan?"

Auta ba ta karɓi allurar ba. Ta durƙusa a gaban kujerar, ta juya mata baya, ta sunkuyar da kai, ta janye ɗankwali daga ƙeyarta. Ta ji kunya, mace mai shekara arba'in da uku durƙushe kamar mai shirin makaranta. Daga shago ana jiyo Direba yana rantsuwa cewa ko a ba shi gidan kyauta ba zai iya kwana ɗaya a ciki ba.

Har ta fara tunanin tashi. Sai ta ji yatsa, busasshe, mai sanyi, ya shiga wuyan rigar. Ya sami ƙullin farko ya tsaya. Ya matsa na biyu. Mama ba ta ƙirga da baki, numfashinta kawai ake ji, yatsan na tafiya a hankali kamar mai taka matakala. Auta na bin sa a zuci. Bakwai. Takwas. A na goma ya ɗan dakata, zuciyarta ta tsaya tare da shi. Sannan ya taka na ƙarshe.

Tafin hannun ya sauka a ƙeyarta, ɗan bugu mara zafi, irin na wuce-ki-ba-ni-wuri.

"Auta ce," in ji Mama, da wata murya mai kaifi da Auta ta shekara biyu ba ta ji ba. "Ina kika shiga tun safe ina ta nemanki? Kin ci abinci kuwa?"

Auta ta juyo. Ta kifa goshi a gwiwar Mama tana kuka, hannun na nan a wuyanta bai ɗaga ba.

Nas ce ta leƙo daga ƙofa, waya a hannu. "Ƙawata, kin rasa ƙarshen! Sun ce mako mai zuwa..." Ta ga abin da ta gani, ta ja ƙofar a hankali.

Da aka watse, Auta ta fito idanunta jajur. Baba Mai Guga na naɗe wayar dutsensa. Ta buɗe aljihun tebur ta ciro takardar, ta ninke ta huɗu ba sa hannu, ta sa a ambulan ɗin da za ta mayar wa Yaya. Sannan ta ɗauko rezar ta miƙa masa.

"Baba, daga yau kai za ka riƙa farke na mutane. A hankali, don Allah."

"Naki fa, 'yata?"

"Nawa a bar min su," in ji ta. Ta ɗauki jan zare ta koma ciki ta zura wa Mama allura.