Gaba na Gudu, Baya na Tafiya

Tun da tsufa ya rikita Baba Ɗanjuma, babu abin da ke ci wa Saminu tuwo a ƙwarya kamar gaisuwar safe. Zai durƙusa gaban tabarmar mahaifinsa da kofin koko, tsohon ya karɓa da hannu biyu, ya dube shi da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo.

"Sannu da ɗawainiya, bawan Allah. Kai ɗan gidan wa na?"

Da zagi ne da ya fi sauƙi. Wannan fa mutum ne da in ya ƙwala "Saminu!" daga zaure, har 'ya'yan maƙwabta sai sun shiga taitayinsu. Yanzu ya manta ɗansa, ya manta sunan unguwarsu a Dogon Dutsi, wata rana ma ya ci tuwo ya ce ba a ba shi ba. Abu ɗaya ya ƙi fita daga kansa: tsohuwar motarsa kat-kat da ke ɗore kan duwatsu a bayan gida, kaji na yin ƙwai a cikinta. Da ita ya ci ƙuruciyarsa, yana kai 'yan kasuwa ƙauyukan Kiyeshe ta cikin rairayi. Kullum da hantsi sai ya dogara sanda ya je ya shafa ƙofarta.

Nan Saminu ya ƙudura abinsa. In motar ta tashi, ya ɗauki tsohon ya bi da shi tsohuwar hanyarsa, wataƙila hanya ta dawo masa da sunan ɗansa. Likita bai ce haka ba, malam bai ce ba. Shi dai so yake ya ji an kira shi Saminu ko sau ɗaya kafin ta Allah ta kasance.

Sallau makanike ya zo ya leƙa, ya ce inji da sauran numfashi. Abin da ya mutu murus shi ne pon, wato ƙarafan nan biyu, gaba da baya, masu riƙe da ƙafafun mota suna juya su. Sababbi kuwa sun fi ƙarfin mai ɗan shagon atamfa. Sai suka bi 'yan kas, masu sayar da gawar motoci gunduwa-gunduwa. Suka samo na baya a Dumega, na gaba a Tibiri, jikin wata mota da ta yi haɗari. Sallau ya auna su da igiyar guga, tsawo ya zo ɗaya. Ya duba ramukan ƙusoshin taya, su ma ɗaya. Har ya bugi ƙirji ya ce waɗannan sun fi na asalin ƙwari. Buɗe cikinsu kuwa sai an sayi sabon mai, ga rana tana faɗuwa, don haka babu wanda ya kawo zancen.

Ranar gwaji, a kan kwalta, mota ta tafi sumul kamar ba ita ce gidan kaji ba. Saminu har ya fara hamdala. Da suka karkata cikin rairayi, Sallau ya ja ƙaramin liban da ke sa ƙafafun gaba su kama aiki tare da na baya. Ai kuwa sai mota ta haukace. Ta yi kuka, ta zabura, ta turje, ta sake zabura, kamar akuyar da aka ɗaure da guntuwar igiya. Aka mayar da liba, ta yi lafiya lau. Aka sake ja, ta sake bori.

"Wallahi patron, ban taɓa ganin irin wagga ba," in ji Sallau, wanda ba ya cewa maigida sai patron, yana sosa ƙeya da sufana. "Bisa gudron lahiya lau, cikin rairai awa an taka mata wutsiya."

Daga nan aka shiga lalube. Sallau ya ce kulocin ne, aka canza, ba ta sake zane ba. Ya ce man gazuwal ɗin akwai ruwa, aka zubar. Wani direba ya ce tayoyin ne, wani ya rantse firam ɗin ya karkace tun zamanin da. Kowa ya zo da tasa, kowa kuma ya tafi ya bar Saminu da ciwon kai. In ya kwanta sai ya ji kukan motar a kunnensa, in ya tashi sai ya tarar da "ɗan gidan wa na?"

Gwaggo Ladidi, ƙanwar tsohon, ita ba ta ga abin ruɗewa ba.

"Ƙarhen nan na Tibiri, gindin mi motar tah hwaɗi? Ba tsamiya ba? To ka ɗauko ƙarhe, ka ɗauko da mai shi. A ba Doguwa baƙar akuya, a huta."

"Haba Gwaggo, wagga shirka ta," in ji Saminu, yana shafa gemu. Shi ne fa mai hana yara sauraron garaya a unguwa. Amma da azahar, da ya ga gida ya yi tsit, sai ga shi a bayan ɗaki yana tofa wa pon ɗin gaba addu'a. Matarsa Amatullahi ta gan shi ta taga, ta toshe baki da mayafi. Shi kansa bai san abin da yake kora ba.

Da ya ga jikin tsohon na ƙara lafewa, ya ce jira ya ƙare. Za su tafi haka nan, ba zai taɓa ƙaramin liba ba. Ranar Jumma'a da safe ya ɗora Baba a gidan gaba. Tsohon ya gyara hula ya ce, "Allah shi kiyaye hanya, direba."

Suka bar kwalta suka kama turɓaya. Saminu na nuna masa itatuwan kuka, yana nuna masa rumbuna.

"Baba, ka tuna wagga rijiya?"

"Rijiya ta mai kyau," in ji tsohon cikin ladabi. "Ta wa ta?"

Saminu ya rage gudu. Duk wahalar nan ashe ta banza ce. Yana cikin neman inda zai juya, sai ƙafafun baya suka nutse cikin rairayin kwari. Ya ƙara wa mota wuta, suka ƙara nutsewa. Babu gida kusa, rana ta fara zafi, ga tsoho ba lafiya. Dole ta sa ya ja liban.

Mota ta kwarma ihu ta fara tsalle. Baba Ɗanjuma ya dafe gabanta da hannu biyu, ya karkata kai yana saurare. Fara'ar nan ta baƙunta ta bar fuskarsa, goshi ya tattare.

"Tsaya! Tsaya nic ce! Kashe ta za ka yi?"

Saminu ya taka birki.

"Kai kurma na? Gaba na gudu, baya na tahiya! Wane sakarai yah haɗa mini pon biyu da haƙoran cikinsu ba ɗaya ba?"

"Baba, mun auna su da igiya..."

"Da igiya!" Tsohon ya cire hula ya maka masa a kafaɗa. "Saminu! Ai na san a rina. Ba kai na kah haɗa mini sa da jaki ga garma guda ba, kac ce ai tsawonsu ɗaya? Ga gemu har ƙirji, hankali ko na sisi babu!"

Saminu ya ji sunansa a bakin mahaifinsa. Hawaye kawai suka zubo, yana dariya yana shessheƙa kamar wanda aka yi wa bushara a gidan makoki.

"Kukan mi kuma? Sauka ka tone ƙahwahu, Saminu, ka sa kara ƙarƙashi. Kuma hidda hannunka ga liban nan!"

Ya sauka ya yi ta tonon rairayi da hannu, rana na dukansa, tsohon na leƙowa ta taga yana zazzaga masa faɗa, kowace jimla da sunansa a ciki. Saminu bai taɓa jin daɗin aiki irin na ranar ba. Har jan tonon ya riƙa yi.

Kafin su hau kwalta faɗan tsohon ya ɗauke. A ƙofar gida, da Saminu ya kama hannunsa zai saukar da shi, ya dube shi da fara'a.

"Sannu da ɗawainiya, bawan Allah."

Washegari Sallau ya buɗe pon ɗin biyu, ya ga haƙoran da idonsa, ya riƙe baki. Kafin la'asar ya dawo da murna, wai ya samo wanda ya dace da na bayan a nan cikin Dutsi, gobe gobe zai canza.

"Bar ta haka nan," in ji Saminu.

"Patron, karyewa hwa za ta yi!"

"In ta karye ma gani."

Sallau ya dubi Amatullahi, ta dubi Gwaggo Ladidi, Gwaggo ta ce ai dama ta faɗa, abin ya bar ƙarfe ya koma kan yaron.

Jumma'a ta zagayo. Saminu ya ɗora Baba a gidan gaba, ya kai shi har tsakiyar rairayin kwari, ya tsaya. Tsohon na kallon gonaki cikin ladabi, kamar wanda aka rage wa hanya. Saminu ya ɗora hannu kan ƙaramin liba, ya yi bisimilla, ya ja, sannan ya kasa kunne.