Gwangwanin da Hannun Mahasin Ya Ƙara

Tun Mahasin tana budurwa a Maiurno, garin Hausawan da ke gaɓar kogi a Sudan, aka san hannunta da wani hali da babu wanda ya koya mata. Idan ta zo ɗibar garin asida, wato tuwonsu na can, sai hannun ya wuce awo ya ƙara gwangwani ɗaya ko biyu, ita kuwa hankalinta yana wani wuri. Kafin a sauke tukunya sai a ji sallama a ƙofa. In ɗaya ta ƙara, mutum ɗaya ne zai shigo. In biyu, biyu. Ba a awo kaɗai abin ya tsaya ba, har miya yakan shiga. Ranar da ta manta gishiri, kawunta mai hawan jini ne ya iso daga Sinnar ba tare da ya aiko ba.

Ba mafarki take yi ba, ba ta kuma taɓa jin murya ba. Ita kanta sai ta juya muciya ta ji nauyin asidar kafin ta gane. Marigayi mijinta yakan leƙa tukunya ya ce, "To, bari in shimfiɗa tabarma, Mahasin ta gayyato mana mutane."

Da yaƙi ya tashi, ɗanta tilo Hatim yana Omdurman tare da amaryarsa Arwa, wata biyar da aure. Sun yi waya sau uku, a na huɗu layin ya mutu. Da wutar ta matso garinsu, maƙwabta suka saka Mahasin a mota ba da son ranta ba, har ta tsinci kanta a wani ɗaki a hawa na biyar a Ard al-Liwa, cikin Alƙahira. Nan take toya kisra, fanke mai faɗi siriri da Sudaniyawa ba sa cin miya sai da shi, tana kai wa wani gidan abinci a ƙasan layi. Shekara biyu da rabi babu wanda ya ce mata ya ga Hatim da rai, babu kuma wanda ya ce ya ga gawarsa.

A wannan zaman ne Mahasin ta fara ha'inci, kuma kanta kawai take ha'inta. Kullum za ta ɗebi gwangwani ɗaya nata, ta tsaya tana kallon hannunta ko zai motsa. Ba ya motsi. Sai ta ƙara na biyu da gangan, ta zuba wa miya shatta, wato barkono, har ido ya yi ruwa, domin Hatim tun yana yaro ba ya ganin miya da mutunci sai ta sa shi gumi. Ta zauna tana sauraron matakala. Asidar ta huce, ta miƙa wa maƙwabta, su ci suna hawaye suna godiya.

Wadda ta fi kowa cin wannan rabo ita ce Humaira, 'yar Zariya da ke karatun hadisi, tana haya da ƙawayenta a Abbasiya. A bas suka haɗu, Humaira ta ji tsohuwa tana mita da Hausa, ta ƙanƙame ta kamar ta ga gida. Tun daga nan duk Juma'a sai ta ratso gari ta hau matakala biyar ɗin nan, wai ta zo gaisuwa, alhali kowa ya san abin da ke kawo ɗaliba gidan da ake tuƙa tuwo.

Wata Juma'a Mahasin ta ba ta labarin hannun. Ta ɗauka ɗalibar za ta ce camfi ne. Humaira ta sha ruwa ta kashe yajin da ke bakinta, sannan ta ce, "Khala," haka take kiranta, wato gwaggo da Larabci, "ni ban isa in ce ƙarya ne ba. Gaibu na Allah ne Shi kaɗai, amma Yakan jefa wa bawanSa abu a zuciya, malamai suna kiransa ilhama. Abu ɗaya ne ban gane ba."

"Faɗi, 'yar nan."

"Idan kullum ke kike ƙarawa da kanki, ranar da Shi Ya ƙara, yaya za ki gane?"

Mahasin ta ji haushi sosai. Yarinyar da ba ta iya tuƙa asida ba gudaji ita ce za ta koya mata awo? Ta ce, "Khalas, shi ke nan, ci ki tashi, bas zai cika." Amma maganar ta zauna mata a ƙirji. Washegari ta ɗebi gwangwani ɗaya, ta rufe buhu, ta zauna a kansa don kada zuciya ta rinjaye ta. Ta ci abincin mutum ɗaya tana kuka, domin ji take kamar da hannunta ta cire Hatim daga cikin masu cin abinci a duniya.

Haka ta yi wata uku.

Ran wata Talata da hantsi tana tuƙi, hankalinta yana kan famfon da ya ƙi kawo ruwa, sai ta ji muciya ta yi nauyi. Ta duba tukunya, ta duba buhu. Abin da ta saba ya ƙaru da gwangwani ɗaya da rabi. Ta ɗebi miya a cokali ta ɗanɗana. Lami. Ko ƙwayar shatta babu, ga kwalbar shattar nan a rufe inda ta bar ta jiya.

Ta zauna a bakin gado. Baƙo yana tafe, amma ba Hatim ba ne.

Ba a yi azahar ba aka ƙwanƙwasa. Wata mace ce a tsaye, ramammiya, mayafinta ya koɗe, tana saɓe da yarinya. Sai da ta ce "Inna" kafin Mahasin ta gane Arwa, amaryar da ta bari da lalle a ƙafa. Kwana shida ta yi tana bin gidajen abincin Sudaniyawa tana tambayar Bahaushiya mai kisra.

"Wannan fa?" in ji Mahasin.

"Mawada ce, Inna. Jikarki. Shekararta biyu."

Mahasin ba ta ma san an samu cikin ba. Ta karɓi yarinyar, ta ga goshin Hatim da kunnuwansa, ta durƙusa a tsakar ɗakin tana alhamdulillahi ba ta ƙirgawa. Rabin gwangwanin na Mawada ne, miyar ma tata ce, ta kuwa cinye ta tas har tana lashe yatsu.

Bayan sun ci Arwa ta faɗi sauran. Hatim ya ɗora su a babbar mota kusa da iyakar Sudan wata huɗu da suka wuce. Ƙafarsa tana da rauni, ta kumbura, direba ya ce ba zai ɗauki wanda zai mutu masa a hanya ba. Hatim ya ce su tafi, zai biyo baya. Daga ranar ba ta sake jin labarinsa ba.

Mahasin ta yi godiya, kuma da gaske take yi. Wanda ya ba ta biyu ba ta roƙa ba, ba za ta tsaya tana Masa ƙorafin na uku ba. Sai dai zaman ya ɗauko wani nauyi. Hatim ya taɓa ba matarsa labarin hannun uwarsa, saboda haka duk lokacin da Mahasin ta buɗe buhu, Arwa takan bar abin da take yi ta zo ta tsaya a bakin ƙofar kicin. Ɗaya, biyu, rabi. Buhu ya rufe. Arwa ta juya ta koma ɗaki.

Sau da yawa Mahasin ta so ta ƙara ɗaya don ta ga fuskar yarinyar ta saki ko da na awa guda ne. Wata rana har ta cika gwangwanin, sannan ta juye shi cikin buhu.

"Ma'alish, yi haƙuri, 'yata," ta ce. "Na yi wa kaina wannan ƙaryar shekara biyu. Ke ba zan yi miki ba."

Aka shiga wata na biyu a haka. Ran Juma'a Humaira ta zo kamar kullum, ta zauna a ƙofar kicin tana ba da labarin wani malaminsu da ya shigo aji da takalmi kala biyu. Mahasin tana dariya tana girki, Arwa tana can ciki tana tsefe wa Mawada kai, ta ma manta da tsayuwar ƙofa. Humaira ce ta fara tari. Sai Mawada ta yi atishawa daga ɗaki ta fashe da kuka.

"Khala, mun yi miki laifi ne?" in ji Humaira tana share ido. "Ai kin ce an daina shatta saboda Mawada."

Mahasin ta dubi hannunta. Kwalbar shatta tana ciki, a buɗe, ta yi rabi. Ta juya ga asidar. Su uku da rabi ne yau har da Humaira, amma muciya da ƙyar take juyawa.

Arwa ta fito da mataji a hannu. "Inna," ta ce a hankali, "ke kika ƙara?"

"Wallahi ban sani ba," in ji Mahasin, hawaye suna zubo mata, na yaji da wanda ba na yaji ba. "Wallahi, 'yata, ban san na ƙara ba."

Daga can ƙasa suka jiyo takun mutum a matakala, ƙafa ɗaya da sanda, yana hawa yana hutawa. Arwa ta yar da matajin ta fice ko mayafi babu. Mahasin ta so ta bi ta, amma sai ta riƙe muciya ta ci gaba da tuƙi tana kiran sunan Allah, don kada asidar ta yi gudaji a rana irin wannan.

A hawa na uku mai sandar ya tsaya ya yi tari mai tsawo. Sannan wata murya da ta dushe ta hauro har kicin.

"Inna! Tun daga bakin layi na ji yajin shattarki, na san gidan nan ne."